Guguwa Ya Yi Dama, Hawainiya Ta Yi Hagu

Duk wanda ya saba zuwa tattakin safe a madatsar ruwa ya san tsofaffin nan biyu. Tare suke sauka daga mota, tare suke gaida mai gadi, amma da sun isa bakin tafki, inda hanya ta rabu biyu, sai mijin ya yi dama, matar ta yi hagu, ko waiwaye babu. Sababbin zuwa kan ɗauka faɗa suka yi. Har wata baiwar Allah ta taɓa bin matar a baya tana ba ta baki, wai ta yi haƙuri, maza duk haka suke. Matar ta saurare ta tas, ta yi mata godiya, ta ci gaba da tafiyarta tana ƙunshe dariya.

Ai wannan rabuwar ita ce ta kashe faɗan. Mijin tsohon ma'aikacin gidan waya ne, da ƙafa ya ci abinci har ya yi ritaya. Babu lungun da bai shiga da jakar wasiƙu ba, kuma saboda saurinsa ne aka laƙaba masa Guguwa, sunan ya bi shi har jikoki. Ita kuwa tela ce, Mama Tela ake ce mata, rabin rayuwarta a zaune ta yi shi gaban keken ɗinki, ƙafarta ta iya taka feda amma ba ta iya gaggawa ba. Shi kaɗai yake kiranta Hawainiya, ita ma shi kaɗai ta yarje wa.

'Yarsu Auta ce ta kawo shawarar tattakin, ganin iyayen sun zauna a gida suna neman abin da za su yi musu a kai. Ita ta saya musu fulas ɗin shayi, ta saya wa uwar laima, ta saya wa uban takalmin kambas irin wanda zura ƙafa kawai ake yi. Makon farko da suka gwada tafiya tare, ba a ji daɗi ba. Ya yi gaba, ya tsaya, ya riƙe ƙugu, ya dubi agogo, ya dawo ya zagaye ta kamar mai kiwon tunkiya ɗaya. Ita kuma idan ya matsa mata sai ta ƙara jan ƙafa da gangan.

"Ke dai ko tururuwa sai ta wuce ki ta yi miki sannu," in ji shi.

"To Malam, wa ya riƙe ka? Wasiƙar wa za ka kai?"

A nan ya fito da dabara. Tunda hanyar ta zagaye tafkin ne, shi zai bi dama ta kan bangon madatsa, ita ta bi hagu ta cikin bishiyoyi, duk inda suka haɗu nan ne wurin shan shayi. Doka ɗaya ya kafa: babu mai tsayawa sai an haɗu. Kuma kullum a wuri ɗaya ake haɗuwar, wajen wani koren benci kafin a kai gadar katako. Kafin ta lallaɓa ta isa can, shi ya cinye bangon madatsa, ya wuce filin da matasa ke motsa jiki, ya wuce mashigar kwale-kwale, ya tsallake gada, sai ga shi yana tafe yana kaɗa hannu, farar hularsa a karkace, fuskar nan cike da jin kai. Su zauna, ta zuba masa shayi, ya ba ta labarin yadda ya wuce wasu samari masu gudu. Ta san ƙari yake yi, amma daɗin labarin ya fi gaskiyarsa. Daga nan su koma ta ɓangarenta, shi a gaba da fulas, ita a baya da laima.

Haka aka daɗe ana yi, har ran da ta isa koren benci ba ta gan shi ba. Ta bi doka, ta ci gaba. A kan gada suka haɗu.

"Igiyar takalmi ce ta kwance mini," ya ce, tun kafin ta tambaya.

Ta dubi ƙafarsa, ta dubi fuskarsa, ta ce, "Allah ya kyauta," ta buɗe fulas.

Bayan 'yan kwanaki suka haɗu a bayan gada. Wai ya tsaya gaisawa da wani tsohon abokin aiki. Wata rana kuma wani tsuntsu ya tsaya kallo, shi da bai taɓa bambance zalɓe da agwagwa ba. Wurin haɗuwar ya yi ta matsawa ɓangarensa a hankali, ita kuwa ta san ba sauri ta ƙara ba.

Kafin a kai koren benci akwai wani faffaɗan dutse a bakin ruwa, inda wani mai fatsa yake zama kullum da bokitinsa da ƙugiyarsa. Wata safiya iska ta ɗage mata mayafi a daidai wurin, ta tsaya gyarawa, sai idonta ya tsallaka ruwa. Ashe daga nan ana hango bangon madatsa tun daga farkonsa har ƙarshe. Ga farar hula can. Ba tafiya take yi ba. Mutumin ya kama ƙarfen da aka kafa a gefen bango da hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙirji, kansa a sunkuye. Ya jima a haka. Da wasu masu keke suka tunkaro, sai ya miƙe ya harɗe hannu a baya kamar mai duba lafiyar ruwa.

Gabanta ya faɗi, faɗuwar da ba ta taɓa ji ba tun ran da Auta ta haɗiye maɓalli tana rarrafe. Tsoro ta ji ƙarara, tsoron wata rana ta zagaye tafkin nan kaf ba ta haɗu da kowa ba.

Da suka koma gida ta bari ya huta, ya yi wanka, sannan ta shigo da maganar ta gefe tana warware zare.

"Malam, da ka leƙa asibiti an ɗan duba ka."

"A duba me?"

"Numfashin nan naka."

"Numfashina yana nan inda na bar shi. Ni da na zagaye gari da jaka a kafaɗa cikin rana da ruwa, yanzu zan je in kwanta yaro ya danna mini ciki? Asibiti na marasa lafiya ne."

Ta sa Auta ta kira shi a waya. Ya saurare ta, ya tambaye ta lafiyar yara, ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa. Mutumin nan idan ya kafe, gara ka roƙi bango.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin kuwa, mai fatsa ne, ba da nufi ba. Kullum idan suna komawa sai ya ɗago ya ce, "Baba, yau a ina aka haɗu?" Baba Guguwa ya amsa da ƙarfi, "A benci mana, ina kuma!" Wata rana sai bakin Mama Tela ya riga hankalinta, ta ce, "Wajen kwale-kwale." Mai fatsa ya tuntsire da dariya har ƙugiyarsa na rawa.

"Kai! Ashe Mama ta fara cin Baba!"

Baba Guguwa ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Da suka isa gida ya ajiye fulas a kan tebur a hankali, ya shiga ɗaki. Washegari ta gan shi daga kan dutse yana ƙoƙarin yin saurin da, yana tafe yana tsayawa, yana sake ɓallewa kamar mota mai ciwon mai. Ta gane cewa idan wurin haɗuwar nan ya ci gaba da matsawa, girman kai zai kashe mata miji a kan bangon madatsa.

Don haka ta karya doka. Da ta iso dutse sai ta gaida mai fatsa, ta shimfiɗa gefen mayafi ta zauna.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau. Kamun kifi na zo koya. Kuma in ka gaya wa Baba na zauna, sai na zubar maka da bokiti."

Daga nan ta sami sabuwar sana'a, wato ɓata lokaci. Ta zauna ta zuba wa farar hula ido har ta sauka daga bango lafiya ta shige bayan bishiyoyi, sannan ta ƙiyasta tafiyarsa a ranta ta tashi. Tela ce, ƙiyasi aikinta ne. Ranar farko suka haɗu daidai koren benci, ya iso yana haki amma fuskarsa ta washe.

"Kin gani ko? Dama takalmin ne."

"Na gani, Malam."

A zaman dutsen nan ta san abubuwan da ba ta taɓa lura da su ba. Ta san agwagwar da ke ƙwace wa 'yan uwanta burodi, ta sa mata suna Uwar Son Kai. Ta san malamar da ke kawo ɗalibai su zana bishiyoyi, ta san ma'auratan da ke gudu da kaya iri ɗaya amma ba sa magana da juna. Ta ɗinke wa mai fatsa aljihun rigarsa da ya yage, shi kuma ya koya mata yadda ake gane kifi ya taɓa ƙugiya. Ko kifi ɗaya ba ta taɓa kamawa ba, don idonta ba ya kan ruwan kusa.

Sai dai hira da daɗi, kuma ƙiyasi yakan kuskure. Wata rana malamar nan ta tsare ta da tambayar ɗinkin labule, kafin ta ankara farar hula ta tsallake gada, ta wuce benci, ta same ta tana tafe a gaban dutse kaɗan. Aka sake yin haka, aka kuma. Ta lura ya daina ba da labarin samari masu gudu, sai ya riƙa kallonta ta gefen ido yana kurɓar shayi.

A gida ma abubuwa suka canza. Ta ɗauki bokitin wanki, ya karɓe. Ta zauna gaban keke, ya ce ɗinkin nan ba zai gudu ba. Mutumin da bai san inda ake ajiye tsintsiya ba, sai ga shi yana share tsakar ɗaki yana tura datti ƙarƙashin kujera. Da yamma tana ninke kaya a uwar ɗaki ta jiyo shi a baranda yana waya, yana raɗa irin tasa, wadda maƙwabta ma suna ji.

"Auta, uwarki ba ta da lafiya. Ɓoyewa take yi. Da can a benci muke haɗuwa, yanzu ko benci ba ta iya kaiwa. Kin san halinta da taurin kai, ba za ta faɗa ba."

Mama Tela ta cusa fuska cikin zanen gado don kada dariya ta tona ta. Dariyar ta zo da hawaye, don ta ji rawar da muryarsa ke yi. Ashe tsoron da take kwana da shi, shi ma irinsa yake kwana da shi. Ta goge ido, ta zauna a bakin gado, kuma a nan dabara ta faɗo mata.

Da ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara murya, irin ta mai shirin yaƙi.

"Gobe za mu asibiti. Ba shawara nake nema ba."

"Asibiti na marasa lafiya ne, Malam."

"Kada ki maido mini da maganata. Za ki je."

Ta langaɓe kai, ta yi ƙasa da murya. "Ni na'urorin nan nake tsoro. An ce wayoyi suke manna wa mutum a ƙirji. In wuta ta ja ni fa?"

"Wace irin wuta! Haba Hawainiya, ke da kike aiki da dutsen guga kullum?"

"To sai dai a fara yi maka ina kallo. Duk abin da za a yi mini, a fara da kai. In na ga ka tashi lafiya, sai in kwanta."

Ya buga ƙirji, ya ce idan wannan ne kawai, an gama.

Auta ce ta kai su. Tun a daren jiya uwar ta kira ta ta fayyace mata komai, don haka tana tuƙi tana cije leɓe, ba ta yarda ta haɗa ido da kowa a madubi ba. Likitar wata mace ce mai tabarau, mara yawan magana. Baba Guguwa ya shiga gaba, ya yi mata bayanin mara lafiya dalla-dalla, sannan ya naɗe hannun riga ya ce, "Amma da ni za ki fara, 'yata, don ta ga ba abin tsoro ba ne." Likita ta dubi Auta, Auta ta dubi silin.

Aka ɗaura masa abin awon jini. Aka kwantar da shi aka manna wayoyi. Yana kwance yana yi wa matarsa jawabi.

"Kin gani? Ko cizon sauro bai kai ba. Sanyi ma yake da shi."

"Ina gani, Malam. Ka yi shiru ta yi aikinta."

Likita ta daɗe tana duba takardar da na'ura ta fitar. Ta tambaye shi ko yakan ji nauyi a ƙirji idan yana tafiya. Ya buɗe baki zai musa, sai ya ga idon matarsa a kansa, ya rufe. Can ya ce, "Wani lokaci. Kaɗan." Aka duba Mama Tela ita ma, likita ta ce zuciyarta garau take, sai dai ta rage zama. Shi kuwa aka ce jininsa ya hau sosai, kuma akwai jijiyar da ba ta kai wa zuciya jini yadda ya kamata.

"Kun zo a kan gaɓa, Baba," in ji likita. "Da an ƙara jinkiri, da maganar ta fi haka. Za ka sha magani, za ka dawo a ƙara bincike. Tattaki kuma kada ka daina, amma a hankali, kuma ba kai kaɗai ba."

Suka shiga mota. Sai da suka kusa gida ya ce wa Auta, "Allah ya taimake ni da na matsa aka kawo uwarki." Auta ta kusa hawa kan dakalin titi.

Ya yi makonni yana jinya da zirga-zirgar asibiti kafin likita ta ba shi izinin komawa madatsa. Safiyar da suka koma, mai gadi ya taso ya riƙe masa hannu biyu yana yi masa barka. Suka isa inda hanya ta rabu. Ƙafarsa ta karkata dama don sabo, ya tsaya, ya yi tsaki, ya juyo ya bi ta hagu.

Tafiyar ta yi masa baƙunta. Ya sha bin ɓangaren nan a hanyar komawa, amma bai taɓa ganinsa ba. Mama Tela ta nuna masa Uwar Son Kai tana korar 'yan uwanta, ya ce ya san wani shugabansu a gidan waya mai irin wannan halin. Malamar zane ta gaishe ta, ta ce labulen ya yi kyau. Ma'auratan nan masu kaya iri ɗaya ma suka ɗaga mata hannu.

"Yaushe kika san duk mutanen nan?" ya tambaya.

Ba ta kai ga amsawa ba suka iso dutse. Mai fatsa ya yi tsalle ya tashi, murna ta sa ya manta da bokitinsa da gargaɗin da aka yi masa.

"Baba! Barka da arziki! Wallahi mun yi kewarku. Mama, ga wurinki nan na share miki, yau ba sai kin yi gadin farar hula ba, ga ta a gefenki."

Mama Tela ta harare shi, amma magana ta riga ta fita. Baba Guguwa ya dubi mai fatsa, ya dubi wurin da aka share, sannan ya taka a hankali ya hau dutsen. Ya tsaya inda take zama, ya dubi ƙetaren ruwa. Ga bangon madatsa nan a shimfiɗe tun daga farko har ƙarshe, ga ƙarfen gefensa yana ƙyalli, ko yaron da ke tura keke a kai ana iya ganin kalar rigarsa. Ya daɗe yana kallo. Mai fatsa ya ga ya yi ɓaranɓarama, ya koma ya duƙufa kan ƙugiyarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Tun yaushe kika sani?" ya ce, bai juyo ba.

"Tun ranar da igiyar takalminka ta kwance."

Ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Takalmin da Auta ta saya masa ne, wanda ba a taɓa yi masa ko ramin igiya ba. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ta ɗauka kuka yake yi, ta matso da sauri, sai ta ga dariya ce, ko da yake idon ya cika taf. Ya cire farar hular ya goge fuska da ita.

"Wuta za ta ja ki, ko?" ya ce. "Allah ya shirye ki, uwar Auta."

"Amin, tare da mai taurin kan da na aura. Sauko mu je, shayi zai huce."

Ta miƙa masa hannu ya sauko. Ta ba shi fulas, ta buɗe laima, ta kama hanyar koren benci da tafiyarta ta kullum, wadda ko tururuwa ke wucewa. Ba ta yi nisa ba ta jiyo shi a baya.

"Hawainiya! Wasiƙar wa za ki kai? Ki jira ni mana."

Ta tsaya a tsakiyar hanya har ya iso, ta ɗaga laimar yadda za ta rufe su biyu.